Kwanciyar mara lafiya a tiyatar hanta da yadda take juya lambobin monita: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa, wasu daga ɗalibai masu koyon aikin sa barci, wasu daga nas-nas na ɗakin tiyata, wasu kuma daga 'yan uwan marasa lafiya da suka ji likita yace za a ɗan ɗaga kan gadon lokacin aiki, suka rasa me ya haɗa kai da hanta. Na tattaro su wuri guda. Wasu amsoshin sun yi tsawo, a yi haƙuri, abin ne yake da sarƙaƙiya.

Wai me ya haɗa yadda aka kwantar da mutum da jinin da ke yawo a jikinsa?

Jini ai ruwa ne, ruwa kuwa gangare yake bi. Kai da kake a farke in ka miƙe tsaye ba ka faɗuwa saboda jikinka yana gyara abin nan take, jijiyoyin ƙafa su matse, zuciya ta ɗan ƙara gudu, ba ma ka san an yi ba. Toh wanda aka sa wa maganin barci wannan gyaran ya yi sanyi, jijiyoyinsa sun saki, ga injin numfashi yana tura masa iska cikin ƙirji da ƙarfi, in kuma an yi masa allurar baya ta kashe zafi sai abin ya ƙaru. Kuma kusan kashi biyu cikin uku na jinin mutum a jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya yake zaune, su ɗin kuwa masu taushi ne kamar leda, suna buɗewa suna tara jini. Shiyasa ko digiri 10 ka karkata tebur sai ka ga lambobi sun motsa.

Toh me yasa aka fi damuwa da wannan a tiyatar hanta?

Saboda hanta jini ce zalla. Nauyinta bai wuce kilo ɗaya da rabi ba amma kusan kwata na duk jinin da zuciya ke turawa ta cikinta yake bi, wajen lita ɗaya da rabi a minti guda. Hanya biyu jinin ke shigo mata, kusan kashi 75 cikin 100 ta jijiyar fotal wadda ke kwaso jini daga hanji da saifa, sauran ta jijiyar da ke zuwa daga zuciya. Waɗannan biyun likita yana iya matse su ya tsayar da shigar jini. Inda gizo ke saƙar shine hanyar fita. Manyan jijiyoyi uku ne, ta dama da ta tsakiya da ta hagu, suna zubawa kai tsaye cikin babbar jijiyar ciki wadda ke haurawa zuwa zuciya, tazarar kaɗan ce ƙwarai, kuma ba su da bawul ɗin da zai hana jini komowa baya. Kaga kenan in jini ya cika a bakin zuciya sai ya dawo baya cikin hanta, likita yana yanka yana ganin baƙin jini yana ɓulɓulowa alhali ya riga ya ɗaure hanyar shiga.

Waɗanne awo ake sa wa ido a irin wannan aikin?

Akwai kateta, wato ɗan siririn tiyo da ake sokawa, a jijiyar wuyan hannu wanda ke nuna BP, wato matsin jini, bugu bayan bugu, ba sai an jira ɗamarar hannu ta kumbura ba. Akwai wani a jijiyar wuya wanda bakinsa ke kaiwa dab da zuciya, shi ke auna matsin jinin da ke komawa zuciya, a monita za ka ga an rubuta CVP, ni a nan zan dinga ce masa matsin komawa. Sai na'urorin da ke ƙiyasta yawan jinin da zuciya ke fitarwa a minti da yadda bugun ke hawa da sauka tare da numfashi, sai iskar kabon da mutum ke fitarwa, sai fitsari, sai gwajin jini na laktet, wato tsamin da ke taruwa a jini, da makamantansu lokaci lokaci. Duk cikinsu matsin komawa ne ya fi saurin yaudarar mutum in an taɓa tebur.

Na ji ana cewa a riƙe matsin komawa ƙasa da 5. Daga ina wannan 5 ɗin ta fito?

Shekarar 1998 ce ta kafa wannan magana. A Ostireliya, Jones da abokan aikinsa sun duba marasa lafiya 100 da aka yanke wa hanta, suka ga waɗanda matsin komawarsu bai wuce santimita 5 na ruwa ba, matsakaicin jinin da suka zubar mililita 200 ne, waɗanda nasu ya haura kuwa 1000. A shekarar dai, Melendez da abokan aikinsa a asibitin Memorial Sloan Kettering na Amurka suka fitar da rahoton marasa lafiya 496 da aka yi wa aiki da ƙaramin matsin komawa, aka ga jini bai zuba da yawa ba kuma ƙoda ba ta lalace kamar yadda ake tsoro ba. Tun daga nan abin ya zama kamar doka.

Amma a kula da ma'auni fa. Wani yana magana da santimita na ruwa, wani da mmHg, wato ma'aunin da ake auna BP da shi, kuma mmHg 1 daidai yake da santimita 1.36 na ruwa, wato 5 ɗin wani ba ta kai 4 ɗin wani ba. Mutane suna ta musu a kan lamba ba su ma tambayi juna da wane ma'auni suke magana ba.

Hanyar saukar da shi kuwa, mafi yawa rage ƙarin ruwa ne har sai an gama yanka, wani lokaci a haɗa da maganin sakin jijiya irin naitirogilisarin ko maganin fitsari irin furosamaid, wasu ma suna ɗebe jini su ajiye a leda su mayar bayan an gama. Sai kuma karkata tebur, wanda shine maganarmu.

Kwanciya iri nawa ake yi?

Asalin dai rigingine ce, hannuwa a ware ko a maƙale a jiki. Daga nan ko a sunkuyar da kai ƙafafu su yi sama, wadda ake kira da sunan Friedrich Trendelenburg, likitan tiyata na Jamus da ya rayu daga 1844 zuwa 1924, shi kuwa ba dan hanta ya fito da ita ba, dan aikin mafitsara da ƙasan mara ne saboda hanji ya gangara ya ba shi wuri. Ko kuma a juya ta, kai sama ƙafafu ƙasa. In aikin kyamara ne, wato wanda ake yi ta ƙananan huji ba a tsaga ciki ba, akan ware ƙafafun mara lafiya likita ya tsaya a tsakani. Hanta kuma an kasa ta kashi 8 bisa tsarin Claude Couinaud na Faransa, in ƙarin da za a cire yana kashi na 6 ko na 7 da ke can baya ta dama, sai a kwantar da mutum ta gefen hagu ko a ɗaga gefensa na dama dan hanta ta faɗo gaba da nauyinta.

In an ɗaga kai sai na ga CVP ya sauka daga 8 zuwa 4. Ashe an samu abin da ake so kenan?

Wannan ita ce tambayar da saboda ita na zauna rubuta duk wannan. Amsar ita ce ba lallai ba.

Ɗauki tiyo mai cike da ruwa ka shimfiɗa shi a ƙasa, matsin ruwan ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Yanzu ɗaga baki ɗaya. Matsin ɓangaren sama zai ragu, na ƙasa ya ƙaru, amma akwai wani wuri a tsakiya da bai canza ba ko kaɗan. A jikin mutum, a ɓangaren jijiyoyin komawa, wannan wurin yana daidai tantanin da ya raba ƙirji da ciki ne ko ɗan ƙasa da shi kaɗan. Wace ce ke zaune a wurin? Hanta. Katetanka kuwa yana sama da wurin, can cikin ƙirji. Saboda haka in ka ɗaga kai, abin da kake aunawa a sama ya sauka, ka ji daɗi, amma jijiyar da wuƙa ke ratsawa tana iya zama kusan yadda take.

Ba hasashe kawai ba ne. A 2011 Sand da abokan aikinsa a Suwidin sun sa kateta a cikin jijiyar hanta kanta da jijiyar fotal lokacin da ake tsaka da aiki, suka karkata tebur sama da ƙasa. Matsin komawa ya sauka da aka ɗaga kai, ya hau da aka sunkuyar, amma matsin da ke cikin jijiyoyin hanta bai bi shi ba. Abin da suka fahimta shine karkata tebur kaɗai ba abin dogaro ba ne wajen rage zubar jini. Marasa lafiyan da suka auna ba su da yawa, gaskiya ne, kuma akwai ƙwararrun likitoci da suke aiki kai sama suna ganin wurin yanka ya fi bushewa, ban ce ƙarya suke ba, dan in jini ya taru a ƙafafu da hanji na wanda dama an rage masa ruwa, babbar jijiyar ciki tana iya yin laushi da gaske. Abin da nake cewa shine 4 ɗin da ka samu ta hanyar karkata tebur da 4 ɗin da ka samu mutum yana kwance daidai ba abu ɗaya ba ne, kuma dokar nan ta ƙasa da 5 ba ta faɗa maka a wace kwanciya ba. Shiyasa na fi yarda da mai sa barcin da zai leƙa ta saman labule ya kalli hantar da idonsa, ya tambayi likitan tiyata ko babbar jijiya ta yi laushi a yatsansa, a kan wanda idonsa ke kan allo kawai.

Ana yawan yi mana faɗa a kan tsayin tiransdusa. Da gaske abin ya kai haka?

Ya ma wuce. Tiransdusa ita ce 'yar na'urar da ke karɓar matsi daga tiyon kateta ta mayar da shi lamba, kuma tsakaninta da mara lafiya ruwa ne a cikin tiyo, ruwan nan yana da nauyi. Dole ta zama daidai tsayin zuciya, inda aka fi sa alama shine tsakanin haƙarƙari na 4 da na 5 a layin tsakiyar hammata. Duk santimita 10 da ta kauce, lamba za ta kauce da mmHg 7 da ɗoriya. In ta yi ƙasa da zuciya lamba ta hau, in ta yi sama lamba ta sauka.

Ka duba yadda abin ke faruwa a zahiri. An maƙala ta a sandar rataye ledar ruwa, an daidaita tun farko, komai lafiya. Can likitan tiyata dogo yace a ɗaga masa tebur bayansa na ciwo, aka ɗaga santimita 10, ba wanda ya tuna da sanda. Mutumin da ainihin matsinsa 3 ne sai allo ya nuna 10, kai kuma ka ɗauko maganin sakin jijiya ka ƙara wa wanda dama ya bushe. Ko kuma a sauke tebur, mai 9 ya koma 2 a allo, kana ta murna likita yana ta fama da jini yana hararka. A BP kuskuren 7 cikin 80 ba wani abu ba ne sosai, amma a awon da duk gaba ɗayansa 5 ake nema, kuskuren ya fi abin da ake aunawa girma.

Kuma a daina haɗa abu biyu. Sifirantawa, wato buɗe ta ga iskar ɗaki a danna sifiri, daban. Daidaita tsayi daban. Na sha ganin ɗalibi an karkata tebur ya je ya sake danna sifiri ya dawo yana cewa ya gyara, alhali na'urar tana nan inda take. Wanda ake maimaitawa duk lokacin da tebur ya motsa shine tsayi. Maƙala ta a jikin tebur yana maganin ɗagawa da saukewa, amma ba ya maganin karkatawa. Sannan a karanta lambar a ƙarshen fitar numfashi.

In sunkuyar da kai yana ɗaga lambar, me yasa wasu suke yin aikin a haka?

Su ma suna da hujjarsu. Mutanen Memorial Sloan Kettering da na ambata da kai a sunkuye digiri 15 suka yi nasu aikin. Tunaninsu shine tunda an hana mutum ruwa, bari jinin ƙafafu ya gangaro ya taimaki zuciya da ƙoda, sannan suna ganin zai rage haɗarin iska ta shiga jijiya. Sai dai jinin da sunkuyarwa ke turowa ba shi da yawa kuma ba ya daɗewa, ga kayan ciki suna danne huhu. Batun iska kuma, wani ƙaramin bincike na 2001 da ya auna matsi a kwanciya daban daban bai ga cewa kwanciyar ita kaɗai tana canza haɗarin ba. Shiyasa har yau za ka ga wani asibiti kai ƙasa, wani kai sama, wani a miƙe, kuma kowa yana fitar da marasa lafiyansa.

Ita iskar ta yaya take shiga, kuma ta yaya ake ganewa?

Jijiyoyin hanta a manne suke da naman hanta, in an yanke su ba sa rufewa, a buɗe suke tsayawa. In matsin da ke ciki ya yi ƙasa sosai sai su tsotsi iska maimakon su zubar da jini, iskar ta wuce zuciya ta dama ta toshe hanyar huhu. Alamar da aka fi fara gani ita ce lambar iskar kabon da ake fitarwa ta faɗi farat ɗaya, sai BP ya bi, sai oksijin, matsin komawa kuwa ya yi sama, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ruwa ne ya yi yawa. Na'urar hoton zuciya da ake zurawa ta maƙoshi ita ta fi saurin ganin kumfar. Abin yi, a faɗa wa likitan tiyata nan take ya cika wurin da ruwa ya toshe ramin, a ba da oksijin zalla, a ƙara ruwa da maganin ɗaga jini, a sauke kan tebur in a sama yake. Kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana da 'yar ƙofa tsakanin ɗakunan zuciya na sama da ba ta rufe ba tun haihuwa, ta nan iska kan iya tsallakawa ta tafi ƙwaƙwalwa, shi ne abin tsoron.

A aikin kyamara fa, lissafin ɗaya ne?

Ina, nan ma lambar ta fi rikicewa. Ana hura iskar kabon cikin ciki har matsin ya kai mmHg 12 zuwa 15, wannan ya tura tantanin ƙirji sama, matsin cikin ƙirji ya ƙaru, sai matsin komawa ya hau a allo alhali jinin da ke isowa zuciya raguwa ya yi dan an danne babbar jijiyar ciki. Sai kuma a ɗaga kai dan hanji ya gangara, wannan yana jan lambar ƙasa. Abu biyu suna ja, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma dukkansu rage wa zuciya jini suke. Za ka iya ganin 8 mai kyau a allo mutum kuwa zuciyarsa kusan a wofi take bugawa.

Amfanin iskar shine tana danne ƙananan jijiyoyin da aka yanka, in ciki yana 12 jijiya tana 5 jini ba zai fito ba, shiyasa aikin kyamara ya kan fi tsabta. Amma wannan bambancin dai shi ke tura iskar cikin jijiya. Sauƙin abin kabon yana narkewa cikin jini da sauri, yawancin kumfar da ke shiga ba ta yin ɓarna. Ƙarfin da injin numfashi ke turawa shi ma yana da hannu, in an ɗan sassauta shi lokacin da jijiya ta ɓalle jinin ya kan lafa.

Ba gara a bar CVP a koma kan SVV ba?

Da yawa sun koma, musamman da yake an daɗe da sanin matsin komawa ba ya faɗa maka ko mutum zai amfana da ƙarin ruwa. Ita SVV tana auna yadda jinin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu yake hawa da sauka tare da injin numfashi, in ta haura kashi 13 cikin 100 ana ɗauka mutum yana buƙatar ruwa, a tiyatar hanta kuwa wasu da gangan suke barinta sama da haka har a gama yanka. Daɗinta, ba ta damu da 'yan santimitocin tsayin tiransdusa kamar matsin komawa ba. Amma ita ma kwanciya tana motsa ta, ɗaga kai ta hau, sunkuyar ta sauka, ba a ƙara ko ɗigo ba a rage ba. Kuma tana da sharuɗɗa, dole injin ne ke yi wa mutum numfashi gaba ɗaya, iskar da ake turawa ta kai wajen mililita 8 a kowane kilo, bugun zuciya ya zama a tsare, ƙirji a rufe. Yanzu kuwa an fi son tura iska kaɗan dan kare huhu, kaga sharaɗi ɗaya ya riga ya faɗi.

Mun kwantar da mutum ta gefe, ɗamarar hannu da katetan jijiya suka saɓa. Wanne za mu bi?

Duba a wane hannu ɗamarar take. Hannun da ke sama ya fi zuciya tsayi, zai ba da lamba ƙasa da gaskiya, na ƙasa kuma ya ba da sama, lissafin nan dai na 7 a duk santimita 10. Shi katetan jijiya ba ruwansa da inda hannu yake, inda tiransdusa take shi ne magana. In tana daidai zuciya, shi za ka bi.

Ɗaga kai ba ya cutar da ƙwaƙwalwa?

A karkatar da aka saba, digiri 10 zuwa 20, yawancin mutane ba abin da ke samunsu, amma a yi lissafi. Daga zuciya zuwa kunne wajen santimita 30 ne, in ka karkata digiri 20 kunne ya ɗara zuciya da kusan santimita 10. Kenan matsakaicin BP na 65 da kake gani a allo, a ƙwaƙwalwa 57 ne ko 58. Ga matashi ba komai, ga dattijo mai tsohon hawan jini ko wanda jijiyoyin wuyansa suka ƙuntata akwai magana. Shiyasa ake jona maganin ɗaga jini irin noradirenalin kaɗan kaɗan ya riƙe jini ba tare da an cika mutum da ruwa ba.

Jini ya faɗi ana tsaka da aiki. Ta yaya zan san kwanciya ce ko wani abu ne daban?

Fara da tambayar me ya canza a minti ɗaya da ya wuce. In an taɓa tebur, duba tiransdusa kafin ka taɓa sirinji. In ba a taɓa ba, leƙa hannun likita, dan sau da yawa shi ne. Lokacin da yake ɗago hanta ta dama yana murɗa ta zuwa hagu, babbar jijiyar ciki tana lanƙwashewa kamar tiyon da aka taka, jini ya daina isa zuciya, BP ya zube, da ya saki kuma sai ya dawo cikin 'yan daƙiƙu. Haka ƙyallayen da ake cusawa bayan hanta da ƙarfen da ke riƙe haƙarƙari a buɗe.

Sai matse hanyar shiga, dabarar da James Hogarth Pringle na Gilasgo ya bayyana a 1908, yawanci minti 15 a matse minti 5 a sake. Abin mamaki in an matse, jinin da zuciya ke fitarwa yana ɗan raguwa amma BP hawa yake dan jijiyoyin jiki sun ɗaure, sai an saki ne ya kan faɗi saboda jinin da ya tsaya a hanji ya taho da tsaminsa. In kuwa aka rufe har babbar jijiyar ciki sama da ƙasan hanta, abin da zuciya ke fitarwa yana iya faɗuwa kusan rabi, a nan ba a wasa da ƙarancin ruwa sam, cika mutum ake yi kafin a matse. Kuma kar a manta da mafi sauƙin dalili, a duba kwalbar tsotso da ƙasan tebur, in kai yana sama jini ya kan gangara ya taru a ƙasan mara inda kyamara ba ta kallo.

Kowa ake yi wa wannan rage ruwa da karkatawa?

A'a. Mai sirosis, wato wanda hantarsa ta yi tauri, dama jijiyoyinsa a sake suke zuciyarsa tana gudu, ƙodarsa kuma ba ta da haƙuri, in an buɗe ciki ruwan da ya taru ya zube sai jini ya faɗi tun kafin a taɓa hanta. Mai ciwon ƙoda, mai raunin zuciya ta dama, mai bawul ɗin zuciya da ke yoyo ko ya ƙuntata, waɗannan wasunsu matsin komawarsu dama a sama yake kuma suna buƙatarsa a saman, in ka dage sai ka kai shi 5 za ka kashe aikin zuciyar ne. A irinsu gara a yarda da ɗan ƙarin zubar jini.

Babana aka yi wa aikin, ya farka hannunsa ɗaya ya yi sanyi ba ya jin yatsu biyu. Daga kwanciyar ne?

Allah ya ƙara masa sauƙi. Mai yiwuwa ne ƙwarai, musamman in ƙaramin yatsa ne da na kusa da shi, dan jijiyar da ke ba su ji ta bayan gwiwar hannu take bi, ba ta da nama a kanta, aikin hanta kuwa ya kan ɗauki awa 4 ko 6 ko fiye. Shiyasa ake sa soso a gwiwar hannu da dunduniya da gefen gwiwar ƙafa, ba a kuma ware hannu ya wuce digiri 90 dan kar jijiyoyin hammata su miƙe. Yawancin irin wannan ya kan warware cikin kwanaki ko makonni. Amma ku faɗa wa likitocinsa yau ɗin nan, kar ku jira ranar sallama, kuma in hannun da aka sa kateta ne a wuyansa, ku nuna musu su duba launin yatsun da ɗuminsu, dan in sun yi fari ko shuɗi ko sun fi na ɗaya hannun sanyi, wannan maganar jini ce ba ta jijiyar ji ba, kuma ba ta jiran safiya.